Ƙanina ya ce sai karatun fim a jami'a, ku ba ni shawara

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure, ya ruwa? Wata magana ce ta hana gidanmu sakat tun da sakamakon JAMB ya fito, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masu boko da waɗanda suka ga jiya. Autanmu ya ci jarrabawa daidai gwargwado. Mu duk mun sa rai zai nemi Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko makarantar kiwon lafiya ta Jahun, ko jami'ar Kafin Hausa tunda ga ta nan kusa. Sai yaron nan ya kafe shi fim zai karanta, wai har da digiri. Baba bai ce uffan ba, amma kun san shirun Baba. Inna kuwa ta ce ita ba ta haifi ɗan wasan kwaikwayo ba. Ni zan biya, kuma abin biyan bai wuce sa ɗaya cikin shanun huɗarmu da abin da riɗi ya bayar ba. Da gaske ana karanta wannan abu a jami'a? In an gama kuma me ake ci da shi?

Kawu na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ni tun ranar da ya zo min da zancen na ce masa a'a. Fim har sai an je jami'a? Ali Nuhu da suke ce wa Sarki, ilimin yanayin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ba fim ba, ga shi kuma tun farkon 2024 shi ke riƙe da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa. In abin na mutum ne zai same shi ko bai karanta ba. Ku raba shanun nan, da wa ɗayan zai ja garma baɗi?

Malamin Sakandare: Kawu, Allah ya ƙara girma, bari in ɗan gyara wani wuri. Ba fitowa a fim ake zuwa koya ba, ko in ce wannan ɗan yanki ne na karatun. Ka lura da sunayen da ke wucewa in an gama fim: tsara labari, ba da umarni, ɗaukar hoto, ɗaukar sauti, haske, tace hoto, ci gaban shiri. Waɗannan ake karantawa, tare da aikin rediyo da talabijin.

Da can duk wannan yana cikin kwas ɗin aikin jarida, wanda ɗalibai ke ce wa Maskom. A farkon 2020 hukumar kula da jami'o'i, NUC, zamanin Farfesa Abubakar Rasheed, ta raba shi gida bakwai: aikin jarida, hulɗa da jama'a, talla, watsa shirye-shirye, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, sai nazarin bayanai da kafafen yaɗa labarai. Amma ba kowace jami'a ce ta buɗe duka ba, don haka kada yaro ya je shago ya canza kwas da ka, a fara duba kundin JAMB a ga wace makaranta ke ba da wanne. A kusa da mu BUK na da tsangaya guda ta sadarwa, da sashen wasan kwaikwayo, har da gidan rediyon cikin makaranta da ɗalibai ke gwaji a ciki. Wanda yake son fim zalla kuwa Jos zai dosa. A can Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take tun 1995, a ƙarƙashin hukumar da Kawu ya ambata, digirinta kuma da haɗin gwiwar Jami'ar Jos ake bayarwa. A Jos ɗin dai akwai Kwalejin Talabijin ta NTA mai alaƙa da ABU Zariya.

Baban Hanifa, abu ɗaya za ka fara dubawa yau: ya zauna Adabin Turanci a WAEC ko NECO? Ban da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, jami'o'i da yawa shi suke nema a wannan fanni, makarantunmu na karkara kuma da dama ba su da mai koyar da shi. Yara da yawa a nan suke maƙalewa.

Baban Hanifa: Ya zauna, Malam, kuma ya samu kiredit. Shi kaɗai ya yi ta bin wani ɗan bautar ƙasa har masaukinsa yana koya masa.

Ɗan Zoo Road: Ku yi haƙuri in na yi kaushi. Ni ko ƙofar jami'a ban taɓa shiga ba, amma tace hoto nake ci da shi a Kano, da shi na yi aure. Shara na fara yi a ofis, da ɗauko abinci, da riƙe fitila a lokeshan, har maigidana ya yarda na taɓa kwamfuta. Masu digirin nan suna zuwa mana aikin sanin makama. Wallahi akwai wanda zai yi maka lakca a kan tarihin fim a Faransa da Rasha, ka ce ya haɗa maka sauti da hoto bakin mutum ya dace da maganarsa, sai gumi. Karatun nasu koyon huɗa ne a jikin allo. Shekara huɗu da kuɗin sa, in aka ba shi laftof mai kyau aka haɗa shi da maigida na kirki, kafin shekara biyu ya fara turo wa Inna kuɗin cefane.

Kawu na Bakin Kasuwa: Yauwa! Ga na ciki ya faɗa.

Ɗan Zoo Road: Kawu ni fa ban ce kada ya yi sana'ar ba. Cewa na yi ba sai ya bi ta jami'a ba.

Mai Kyamara Dutse: Abokina ya faɗi rabin gaskiya, bari in kawo ragowar, tunda ni na bi ta hanyar da Auta ke son bi. Jami'ar da na yi, ba zan kama suna ba, ajinmu cike yake maƙil, kyamarorin sashe kuwa ba su taka kara sun karya ba. A rukuni-rukuni ake ba mu, kafin ta zo hannunka batir ya mutu ko an ɗauke wuta. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda aka fara a Fabrairu sai Oktoba aka janye, shi ya jefa ni shagon wani mai ɗaukar biki, kuma a nan hannuna ya faɗa. Wannan ban musa ba.

Amma ga abin da shagon bai ba ni ba. Yau aikin da ke riƙe da ni ba biki ba ne, ba kuma fim ɗin soyayya ba. Ƙungiyoyin da ke aiki a ƙauyukanmu kan rigakafi, da tamowa, da noman rani, da karatun yara mata, duk suna son a ɗaukar musu shirin gaskiya na minti biyar ko goma. Kafin su ba ka aikin sai ka rubuta musu takardar tsari da Turanci: me za ka ɗauka, a ina, wa za ka yi hira da shi, kwana nawa, nawa zai ci, layi-layi. Sai ka san yadda ake neman izinin mutum a rubuce kafin ka nuna fuskarsa, balle ƙaramin yaro ko mara lafiya. Sai ka san abin da doka ta kira ɓata suna, da haƙƙin mallaka, kada ka ɗauko kiɗan wani ka ɗora a sauke maka aikin. Sai ka iya bincike, ka bambance abin da mai unguwa ya gaya maka da abin da ke rubuce a asibiti. Duk wannan a aji na koya, a darussan da a lokacin muke ganin ɓata lokaci ne. Sau da yawa ni ke karɓo aikin, in ɗauki masu hannu irin abokina in biya su kuɗin yini. Ba don na fi su iya kyamara ba, wasunsu sun ninka ni.

Ɗan Zoo Road: To ai ka ga matsalar ƙasar kenan. Mai takarda ya ci tsoka, mai aiki ya ci ƙashi.

Mai Kyamara Dutse: Ko ma mene ne, Auta a wane ɓangaren kake so ya tsaya?

Kawu na Bakin Kasuwa: Ku duk kuna maganar kuɗi, ni mutunci nake ji. Kun manta 2016? Gwamnatin Tarayya da kanta ta ware naira biliyan 3 za ta gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka tashi a kan mumbari, ba a je ko'ina ba aka soke. A 2007 kuma wata shida aka hana ɗaukar fim a Kano gaba ɗaya. Sana'ar da kullum tana bakin malamai da hukuma, ita za mu sa ɗanmu? Gobe ya je neman aure a ce me yake yi, mu ce ɗan fim ne? Allah ya gafarta Malam Na'ibi, kana gani ka yi shiru.

Na'ibi: Ina karantawa ne, Alhaji. Abin da zan ce kaɗan ne. Kyamara kayan aiki ce, hukunci yana bin abin da aka ɗauka da ita da yadda aka ɗauka. Tafsirin azumin da kuke kallo a waya, wani ne ya tsaya bayan kyamara ya ɗauka, wani ya tace, kuma da yawansu aikin nasu ba ya kyau, murya na tafiya tana dawowa. Da za mu samu ɗanmu mai tarbiyya da ya iya, ni zan fara murna. Abin da malamai suka yi ta ƙorafi a kai sananne ne: rawa da waƙa tsakanin namiji da mace, shigar da ba ta dace ba, keɓewa a wuraren ɗauka, da wasa da lokacin salla. Waɗannan kuwa ba ƙarya ba ne, kada 'yan boko su share su. Ni tambayar da zan yi wa yaron ita ce wa zai zauna da shi, a hannun wa zai koya. Wannan ya fi damuna a kan sunan kwas ɗin. Wallahu a'alamu.

Maman Sadiƙ: Kawu, maganar aure kam ka kwantar da hankalinka, in yana da abin yi kuma yana salla, ni da kaina zan nemo masa a dangin mijina. 😄

Amma bari in faɗi abin da ke cina. Ni ina shirya shirye-shirye a gidan rediyo, kuma aikin jarida na karanta. Ku dubi yadda ake nuna mu a fina-finan nan. Duk inda aka ce ƙauye, sai a kawo mutum da yagaggiyar riga da baƙin gawayi a haƙori, yana ihu, bai san yadda ake buɗe ƙofar mota ba. Matar ƙauye kuwa ko dai mai faɗa da kishiya ko mai zuwa wurin boka. Wanda ya rubuta labarin a Kano ya tashi, ƙauyen da ya sani shi ne wanda suke zuwa da mota su yi yini ɗaya su koma. Wa ya taɓa nuna yadda mata ke haɗa adashi su sayi tunkiya? Wa ya zauna da masuntan Hadejiya ya ɗauki yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki wasu suka bushe wasu suka nutse? Ambaliyar 2022 da ta ci Ringim da Auyo da Kafin Hausa, me ya rage mana na hotonta ban da guntayen bidiyo masu rawa da aka yi ta turawa a WhatsApp? Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su sauka a Baturiya, zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis da fataken Nijar, zoɓon da ake lodawa a kai har ƙasashen waje. In an ɗauki waɗannan, baƙo ne ya zo ya ɗauka, ya tafi da abinsa, mu ko gani ba ma yi.

Kuma kada a ce jami'a ba ta san da fim ɗin Hausa ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na BUK, wanda ya shugabanci jami'ar karatu daga gida, NOUN, daga 2016 zuwa 2021, shekaru ya kwashe yana rubutu a kan fina-finan Hausa, har ana gayyatarsa ƙasashen waje a kansu. Yaron da ya tashi yana kiwo da huɗa, in ya samu irin wannan ilimi ya haɗa da abin da ya sani, ba irin na kowa zai yi ba. Sharaɗin dai kada ya je birni ya koyo raina inda ya fito, don na ga waɗanda hakan ta same su.

Kawu na Bakin Kasuwa: Hajiya kin iya magana, shi ya sa aka ba ki rediyo. Muna yara motar majigi takan zo ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle a nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga da tsaftar rijiya, garin nan kaf a fito. Ban ce ba shi da amfani ba. Amma gwamnati ce ke biyan masu majigi. Shi wa zai biya shi ya ɗauki kachala?

Mai Caji: Kawu ya yi tambayar da ta dace, kuma ni nake ganin kasuwar da idona. Zamanin kaset da faifan CD ya wuce, 'yan Ƙofar Wambai da ke sarin fim da yawa sun koma wata sana'ar. Yanzu mai dogon zango ake yi, a sa a YouTube duk mako, ko a sayar wa tasha irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014. A shagona da yamma layi ake yi, kowa da memorinsa, a tura masa na wannan makon. Amma gaskiya ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce a tura masa shirin kachala ba. Soyayya, barkwanci, dambe, sai wa'azi.

Ɗan Zoo Road: Kai Mai Caji har kana da bakin magana? Ku ne fa kuka kashe mu! Mu kwana muna tacewa, furodusa ya ci bashi, kai ka sauke da datar dare ka tura wa gari guda ka karɓi kuɗi, ko sisi ba ta komawa wurin mai fim. YouTube ba ta fara biyan mutum kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma kallon da aka yi a memori ba ya shiga lissafi. Ko wanda aka yi a intanet ɗin, abin da talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Saudiyya ko Amurka ba. Shi ya sa kowa ke addu'ar Hausawan waje su kalla.

Mai Caji: To mutumin da sai ya hau tudun makabarta yake samun sabis, da wace datar zai kalli awa guda? In ban tura ba wani zai tura. Ku kawo tsarin da za mu riƙa saye a hannunku mu sayar, ni na yarda.

Ɗan Zoo Road: An sha gwadawa, ku ne ba kwa riƙe alƙawari.

Admin: Jama'a a dawo kan maganar Auta. Na kuma sa shi a zauren da izinin yayansa, tunda a kansa ake yi.

Autan Inna: Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena. Kawu ina wuni, Allah ya gafarta Malam ina wuni. Na karanta duk abin da aka rubuta, na gode. Ni wallahi ba fitowa nake son yi ba, ko a makaranta ban taɓa shiga wasan kwaikwayo ba, kunya nake ji. Ɗauka da haɗawa nake so. Da tsohuwar wayar Yaya nake gwadawa a manhajar CapCut. Ga wanda na yi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, a kan dillalan awaki. A duba min, in babu kyau a faɗa min.

Maman Sadiƙ: Kai, tsohon nan da ke duba haƙoran akuya yana zagin mai ita a cikin raha, ina ka samo shi? Na yi dariya har Sadiƙ ya farka.

Mai Kyamara Dutse: Na kalla sau biyu. Ƙanina kana da ido, ka san inda za ka tsaya da wanda za ka bi, kuma wannan shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa. Yanzu ka buɗe kunne, don ba zan yi maka ta-ido ba.

Sautinka ya lalace. Rabin maganar tsohon iska ta cinye, ragowar kuma injin niƙa. Mai kallo zai jure hoto mai duhu, amma in bai ji magana ba zai wuce. Ka nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, masu arha suna nan a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ka rufe kansa da ɗan soso saboda iska. In babu, ka ari waya ta biyu ka sa a aljihun gaban mai magana ta ɗauki murya, ka tafa hannu sau ɗaya a farko, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto wajen tacewa. Kafin ka bar wuri kuma ka ɗauki hayaniyar kasuwar ita kaɗai na minti guda, za ka buƙace ta wajen toshe gurbin da ka yanke.

Wayar a kwance za ka riƙe, sai in TikTok kake wa. Ka daina jawo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa. Ka ɗauka da tsakar rana, hula ta rufe fuskokinsu da inuwa, wani wurin kuma rana na bayansu sun zama baƙi ƙirin. Da hantsi ko bayan la'asar ake samun haske mai taushi, rana kuma ta kasance a bayanka ko a gefe. Sannan wurin ciniki, ka fara ɗauka dillali na dama mai akuya na hagu, sai ka zagaya bayansu, suka juye, kamar duk gefe ɗaya suke kallo. Ka ɗauka akwai igiya a miƙe tsakanin mutum biyun, ka zaɓi gefe ɗaya kada ka tsallaka. In za ka ɗauka a ɗaki da wutar NEPA, ka sa wayar a hoto 25 cikin daƙiƙa in tana da wurin canzawa, don wutarmu mai bugu 50 ce, in ka bar ta a 30 wani lokaci za ka ga hasken na kaɗawa.

Na ƙarshe, kuma ya fi duka: ka tambayi tsohon kafin ka ɗauke shi?

Autan Inna: A'a Yaya, daga gefe na tsaya.

Mai Kyamara Dutse: To Lahadi mai zuwa ka koma ka same shi, ka gaishe shi, ka nuna masa, ka nemi izini, ka kuma gaida sarkin kasuwa. In ya yarda sai ka sake ɗauka da kyau, ka zaunar da shi ya ba ka labarin yadda ya fara dillanci. Za ka ga ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Ɗan Zoo Road: Duk wannan da ka lissafa ai a lokeshan na koye su, ba a aji ba. Amma yaron yana da hannu, na yarda. Yankansa ba ya gaggawa. Auta, in ka samu laftof kada ka yarda da mai RAM ƙasa da 16, ka sauke manhajar tace hoto ta DaVinci Resolve, akwai na kyauta kuma ya ishe ka. Ka kuma sani in dai a Kano za ka yi fim na kasuwa, akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, sai da rajista, sai an kai an duba. A 2025 ma sai da ta dakatar da masu dogon zango 22 a kan rashin kai su tacewa, har da manya.

Malamin Sakandare: Kun ga ku biyun ba saɓani kuke ba sosai. Baban Hanifa, game da kuɗi: tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, na masu karatu a makarantun gwamnati. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ɗalibi kuma in ya nema ana ba shi naira 20,000 duk wata. Sai ya samu gurbi tukuna zai cike, da lambar NIN da BVN da ta JAMB.

Na'ibi: Akwai ruwa a ciki?

Malamin Sakandare: Babu ruwa, Allah ya gafarta Malam. Biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Amma kada a ruɗu, ba zai sayi laftof ba, ba zai biya hayar ɗaki da data da kuɗin aikin ƙarshe ba. A wannan fanni aikin ƙarshen sau da yawa shiri ake cewa ka ɗauko, kuma daga aljihunka. Wannan shi ne nauyin da zai hau kanka.

Kawu na Bakin Kasuwa: Bashi a kan karatun da ba albashi a ƙarshensa. Wanda ya gama Jahun ko ba a ɗauke shi aiki ba, zai buɗe kemis. Ni dai ban sauka daga kan bakana ba, amma na ga bidiyon, kuma tsohon nan na san shi, tare muka yi fataucin Maigatari. In ka je ka ce ni na aiko ka, in ba haka ba sai ya kore ka da sanda.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar, zan kuma kai wa Baba da daddare. BUK za mu nema, Jos ta yi mana nisa da tsada a yanzu. Kafin a fara ba da gurbi, da an gama yankan riɗi zai tafi Dutse wurin Mai Kyamara in ya amince, ya ga aikin da idonsa, mu ma mu ga ko zai jure. Malam Na'ibi, ina roƙon ka zo ka yi wa Inna bayani da bakinka, ni ba za ta saurare ni ba.

Mai Kyamara Dutse: Ya zo. Amma ya sani sandar makirufo zai fara riƙewa da ɗaukar jaka, kuma ba na biyan ɗan koyo sai abinci da kuɗin mota. Hutun kowane zango ma nan zai riƙa yi, ko wurin abokina a Zoo Road, in ba haka ba zai fito da takarda hannu babu komai.

Na'ibi: Zan shigo bayan sallar Juma'a in sha Allah. Sharaɗina da shi zan faɗa masa a gabanta.

Mai Caji: Wai ni kam, tun ɗazu mutane ke zuwa shago suna cewa a tura musu na tsohon mai duba haƙoran akuya. In tura?

Mai Kyamara Dutse: Kada ka kuskura! Ba yanzu muka gama maganar izini ba? Sai Auta ya dawo daga wurinsa.

Ɗan Zoo Road: Kun gani ko? Ko fim ɗin bai fita ba ya fara.

Mai Caji: To waɗanda na riga na tura wa fa?